Wajen koyar da magana da muke kai Auta bayan haɗarin adaidaita: abin da na gani mai kyau da mara kyau

Assalamu alaikum iyaye 'yan uwana. Bayani zan yi a kan wata 'yar cibiya da ke nan cikin Kano inda ake koya wa yara magana, sifich tarafi kamar yadda likitoci ke rubutawa a kati, mun haura shekara muna zuwa da Autana shi ya sa nake ganin na isa in ce wani abu a kai. Ba zan kama sunan wajen ba don akwai ƙorafin da zan yi kuma mutanen kirki ne wallahi, bana son abin ya zama tonon silili. Ni dai burina mai yaro irin nawa ya san me ake yi a irin wajen nan, me zai tambaya, nawa zai tanada, don mu da muka shiga a makance muka shiga.

A taƙaice yaron shekararsa 7 lokacin, adaidaita ce ta buge shi suna dawowa daga Islamiyya, kansa ta ɓangaren hagu ya bugu da kwalta. Doguwar suma ya yi. Akwai wani ma'auni da likitoci ke auna suma da shi daga maki 3 zuwa 15, shi 8 aka ba shi ranar farko, kuma daga 8 zuwa ƙasa shi ake kira mai tsanani. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ta ƙuje ta ɓangaren hagu da ɗan jini amma Allah ya taimaka ba a kai ga tiyata ba. Ya farfaɗo, yana kallon mu, yana gane mu, hannun dama ya saki, ƙafar dama yana ja, magana kuma ɗif. Da aka sallame mu ɗakin gashin ƙashi wato fisiyo kawai aka tura mu saboda hannu da ƙafa, maganar baki kuwa cewa aka yi mu yi haƙuri za ta dawo da kanta. Wata ma'aikaciyar fisiyo ce Allah ya saka mata da alheri ta ja ni gefe ta ce Hajiya kar ki zauna jira, akwai masu aikin magana daban, ta kwatanta min wajen.

Kafin nan kam mun sha shawarwari, wannan ya ce iska ce ta shafe shi a wajen da ya faɗi, wannan ya ce firgita ce, wata gwaggon babansu ta dage lallai sai an kira wanzami ya yanke masa linzami wai harshen ne ya ɗaure. Yaron da shekara bakwai yana zuba surutu har sai an ce ya yi shiru, yaushe linzami ya fito masa?

Zuwan farko shi ne abin da ya fi burge ni a wajen, kuma shi ne dalilin da ya sa muka ci gaba da zuwa duk da tsadar. Matar da ke aikin, mu Malama muke ce mata, ba ta fara da cewa faɗi kaza faɗi kaza ba. Tabarma ta shimfiɗa ta zauna a ƙasa daidai tsayinsa, ta fara da ba shi ruwa a kofi tana kallon maƙogwaronsa, ya kurɓa ya ƙware ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa, sai ta ce min tun yaushe yake haka, na ce tun asibiti, ta ce to wannan shi za mu fara gyarawa don ruwa in yana bin hanyar iska yana sauka huhu ne, daga nan sai ciwon haƙarƙari. Ta ce a koma ba shi abu mai ɗan kauri, kunu ko koko ko fura da aka dama da kauri, a zaune sosai ba a kishingiɗe ba, da cokali kaɗan kaɗan. Har rubutu da zamzam da kakarsa ke ba shi ba ta hana ba, cewa ta yi a dinga ba shi da cokali ko a shafa masa, kar a ɗura. Wannan ya sa kakar ta yarda da ita, da ta ce a daina da an samu matsala a gida. Sannan ta tura mu gwajin ji kafin komai, ta ce buguwar kai tana iya fasa ƙashin da ke bayan kunne ta taɓa ji, ba amfani a yi ta koya wa yaro magana alhali ba ya jin abin da ake faɗa da kyau. Nasa kunnen lafiya lau ya fito Alhamdulillah.

Sai ta jawo wani kwando, ciki akwai buta ƙarama, ludayi, cokali, ashana, takalmin yara, mataji, hula. Ta zube a gabansa ta ce nuna min buta, ya nuna, ina hula, ya nuna, ɗauki mataji ka ba Umma, ya ɗauka da hagu ya miƙo min. Sai ta ɗaga ludayin ta ce mene ne wannan? Ya buɗe baki, leɓensa na rawa, ya kalle ni ya kalli ludayin, ya kwatanta yadda ake shan fura da shi, amma sunan ya ƙi fita, sai ya fashe da kuka ya ture kwandon. Ta bar shi ya huce sannan ta ce min kin gani ko, ya san abin, ya san aikinsa, yana fahimtar mu, kayan suna nan cikin ɗaki makullin ne ya ɓata. Ta zana min kai a takarda ta nuna min cewa a yawancin mutane wajen haɗa magana yana ɓangaren hagu ne na ƙwaƙwalwa, kuma hagun ita ke juya daman jiki, shi ya sa hannun dama da baki suka tafi tare. Ta ce tun 1861 wani likita ɗan Faransa mai suna Broca ya gano wajen, a kan wani mara lafiya da ke fahimtar abin da ake faɗa masa amma gaɓa ɗaya tak yake iya furtawa. Duk zaman da muka yi a asibiti ba wanda ya zauna ya yi min wannan bayanin da Hausa, a ranar na san ba harshe ba ne ba kuma aljani ba.

Abin da ta yi bayan nan har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ta ce ya iya Fatiha kafin haɗarin? Na ce har ya wuce izu ɗaya. Ta ce to ki ja masa a hankali da irin muryar da malaminsu ke ja. Na fara, ina kaiwa aya ta biyu sai na ji murya a ƙasa ƙasa tana bi na, ba ta fita tas ba amma ita ce, ya bi ni har kusan ƙarshe. Yaron da ko Umma ya kasa cewa. Ta sa ya ƙirga ɗaya zuwa goma ma ya yi da ɗan taimako. Ni na ɗauka shikenan bakin ya buɗe, ta ce a'a Hajiya ki bi a sannu, abin da aka haddace ana rerawa hanyarsa daban da maganar da mutum zai ƙirƙira da kansa ya ce yana jin ƙishi, amma hanya ce da za mu bi mu shiga. Kuma da ita ɗin ta shiga. Takan riƙe hannunsa na hagu tana ɗan bubbugawa a cinyarsa gaɓa gaɓa tana rera gajeriyar magana, i-na son ru-wa, zan yi fi-tsa-ri, su rera tare, sai ta dinga rage muryarta har ya ƙarasa shi kaɗai, daga baya a cire rerawar ta koma magana sak. Ta ce dabara ce da aka fito da ita a Boston ta Amurka a 1973 don manya masu shanyewar ɓarin jiki, ita kuma ta ga tana shiga da Hausa sosai tunda dama maganarmu hawa da sauka gare ta.

Kalmar farko da ya nema da kansa ba tare da an ja masa ba ruwa ce. Bayanta kuma, sai dai a yi haƙuri, ashar ce, yayansa ya ɗauke masa abu sai ga zagi ya fito tas ba gargada a gaban baƙi. Na je mata da damuwa ta ce wannan sananne ne, zagi da abin da ke fita cikin fushi su ma ta waccan hanyar suke bi, kar a dake shi kar kuma a yi dariya, a wuce kawai. Haka lokacin da kowa ya zama Baba a bakinsa, ni Baba yayarsa Baba har mai kawo ruwa, da lokacin da zai ce cokali yana nufin wuƙa, ko ya maƙale a kalma ɗaya duk abin da aka tambaye shi ita zai maimaita. Duk ta riga ta gaya min za a gani kafin a gani, wannan ba ƙaramin sauƙi ya kawo min ba.

Amma gaskiyar magana zaman minti 45 sau biyu a sati ba shi ya dawo da maganar yaron nan ba shi kaɗai, kuma ita da kanta ta faɗa. Ba ta taɓa barin na zauna a waje ba, dole ina ciki ina kallo, wani lokacin ta ce ni in yi ita ta kalla ta gyara min. Har yayarsa ta sa na zo da ita ranar Asabar don ita ce suka fi zama tare. Dokokin da ta kafa mana a gida masu sauƙin faɗa ne masu wuyar bi: in yana neman kalma kar wanda ya ƙarasa masa, ki ƙirga goma a zuci kafin ki taimaka, in za ki taimaka ma farkon kalmar za ki ba shi kamar bu... ya ƙarasa buta. Kar a ce me za ka sha, a ce koko ko shayi a nuna masa duka biyun. A kashe talabijin da rediyo in ana masa magana, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, kun san gidanmu na Hausa kowa na magana lokaci ɗaya. Sannan babbar doka, ban da baje kolinsa a gaban 'yan dubiya, irin ta Auta faɗi sunanka su ji, gaida Kawu, wannan yana sa yaro ya ƙulle gaba ɗaya. Ta sa na haɗa hotunan 'yan gida a waya da na wuraren da ya sani, masallacin layinmu, shagon mai shayi, akuyar kakarsa, da su muke hira da safe bayan ya karya don lokacin ne kansa ya fi saki, da rana ta yi ya gaji ko me za a yi ba ya shiga.

Inda nake son iyaye su tsaya su karanta da kyau shi ne nan. Da magana ta dawo ya fara haɗa kalma uku huɗu, dangi kowa ya ce Alhamdulillah ya warke a daina kashe kuɗi, babansu ma ya fara tunanin haka. Malama ta ce ku ba ni dama in nuna muku wani abu. Ta ce masa Auta je ka ɗauko min hula da mataji ka sa a cikin kwando ka rufe. Ya tafi ya dawo da hula a hannu ya tsaya yana kallon ta, sauran duk sun zube a hanya. Ta ba shi hotunan alwala guda guda ta ce ya jera, ya sa wankin ƙafa kafin fuska, abin da tun yana shekara 5 ya iya. Ta ba shi gajeren labari ta ce ya maimaita, farko da ƙarshe kawai ya riƙe. Ta ce magana daban, riƙe abu a kai da maida hankali da tsara abu bi da bi daban, kuma su suka fi daɗewa ba su dawo ba, kuma su ne ba a gani da ido shi ya sa a makaranta sai a ce yaro ya zama daƙiƙi ko ya yi taurin kai a hau shi da bulala. Ta ƙara da cewa mutane na ganin ƙwaƙwalwar yaro tana saurin gyaruwa fiye da ta babba, eh akwai gaskiya a ciki, amma yaro bai gama gina tasa ba, ɓangaren goshi da ke kula da tsari da danne fushi sai mutum ya haura shekara 20 yake gama nuna, don haka wata matsalar ba za ta fito ba sai karatu ya yi nauyi, aji biyar ko shiga sakandare. Daga nan aikin ya canza salo, aka koma ludo don ya koyi jiran layinsa da ƙirga, aike na abu biyu sannan uku, zuwa shago da yayarsa ya sayo ashana ya lissafa canji, ba da labarin abin da ya yi jiya daga safe zuwa dare a jere. Saurin fushin ma ta koya mana gane alamunsa, in ya fara murza ido yana dafe kai to gajiya ce, a kai shi ɗaki ya kwanta kafin abin ya zama jifa da kaya.

Ita ta tsara mana komawa makaranta, rabin yini da farko, ya zauna a layin gaba, malami ya ba shi umarni ɗaya ɗaya, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, duka kuwa ko a hannu babu balle a kai. Sannan kullum sai ta tambaya ko yana shan maganin jijjigar da likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora shi a kai, ta ce ba hurumina ba ne in rage ko in ƙara, amma kar ku tsayar da kanku, in kun ga yana yawan barci ku koma wa likitan. Na ji daɗin wannan, ta san iyakar aikinta.

To yanzu ƙorafi. Na farko kuɗi. Dubu takwas muka fara biya duk zama, bayan cire tallafin mai a 2023 ya koma dubu goma sha biyu, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, inshorar lafiya ta wajen aikin babansu kuma ta ce ba ta ɗaukar wannan. Babu wani rangwame ga wanda zai biya na wata gaba ɗaya, babu ga marasa hali, na ga mata da idona sun zo sau biyu sau uku sun ɓace, ba don yaran sun warke ba. Ya kamata a ce ko zaman rukuni ne a haɗa yara uku huɗu a rage kuɗin.

Na biyu, Malama ita kaɗai ce mai jin Hausa sosai a cikin masu aikin. Akwai lokacin da ta yi tafiya aka haɗa mu da wata, yarinya mai haƙuri da fara'a amma Turanci take yi masa, ta ɗauko katunan da aka yo odarsu daga waje masu hoton dusar ƙanƙara da fiyano da wani irin kare mai riga tana tambayar sa sunansu. Yaron da ke fama ya nemo kalmar ludayi a yaren da ya tashi da shi ina zai nemo sunan abin da bai taɓa gani ba? Ranar kuka ya yi har gida kuma an karɓi kuɗin cif. Tun daga nan in Malama ba ta nan sai mu ɗage.

Na uku wajen a saman bene yake, matakala ce kawai mai tsayi, lokacin da ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba goya shi nake ina hawa, akwai wata baiwar Allah mai yaro ɗan shekara 12 a keken guragu sai an nemo maza sun ɗaga shi. Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman a ƙasar nan wadda ta yi maganar gyara gine gine yadda kowa zai iya shiga, in ma wani waje zai yi sakaci bai kamata ya zama wajen da aikinsa kenan ba. Ɗakin jira kuma talabijin a ƙure, in an ɗauke wuta janareta a gindin tagar ɗakin da ake aikin, su da suka ce mu kashe rediyo a gida. Lokaci ma ba a cika kiyayewa ba, a ba ka ƙarfe 10 ka shiga kusan 12 yaro ya riga ya gaji da zama, rabin zaman ya tafi a banza. Takardar bayani da za mu kai makaranta sai da na yi ta sintiri kafin ta fito kuma ita ma da kuɗinta.

Duk da haka in tauraro biyar ne zan ba su huɗu, kuma huɗun nan na Malama ne da yadda take mayar da uwa ma'aikaciya. Yanzu Auta yana hira, yana tsokanar yayyensa, yana ba da labari ko da yake in ya gaji kalma takan ɓace masa ya ce abin nan abin nan, karatun Hausa ya dawo, lissafi da haddar sabon abu ne har yanzu muke ja, aji ɗaya aka maimaita masa kuma mun yarda da hakan. Zuwan ya koma sau biyu a wata, ta ce ko an sallame mu a dinga kawo shi duk farkon shekarar karatu ta duba shi.

Wanda zai nemi irin wannan wajen a ko ina ne, ya tambaya ko mai aikin na da rajista da hukumar MRTB, ita ce hukumar da aka kafa a 1988 da ke ba masu gashin ƙashi da masu aikin magana da masu aikin ji lasisi a Najeriya, ba rashin kunya ba ne ka ce a nuna maka. Ya tambaya da wane yare za a yi wa yaron aiki, kuma za a bar uwa ko uba su zauna a ciki ko a'a, in an ce a'a ni dai ba zan bar nawa ba. Duk wanda ya ce maka cikin wata kaza yaro zai warke tas, ko masu tallan maganin buɗe baki da gyaran ƙwaƙwalwa a Facebook da TikTok, ka riƙe kuɗinka, Malama ko sau ɗaya ba ta yanka mana lokaci ba. Ranar zuwan farko a tafi da hoton ƙwaƙwalwa da takardar sallama da kwalayen magungunan da yake sha, da bidiyon yaron yana magana kafin ciwon in akwai a waya don tana son jin yadda yake a da, a riƙo masa ɗan kunu ko koko don za ta so ganin yadda yake haɗiya, sannan a dage a karɓi layin safe ko da za a jira sati kafin a samu.